Tarin Barsu

"Maimaita, Yaya. Maimaita gaban Inna abin da ka faɗi ƙofar masallaci."

"Ko gaban alƙali ina maimaitawa. Kai ka ba Barsu guba!"

Surajo ya dubi wansa Balarabe, ya juya ya dubi uwarsu, sannan ya cire hularsa ya sake mayarwa. Hantsi bai yi ba, amma katangar gidan ta riga ta cika da kawunan matan maƙwabta, kowacce da abin da ta zo aro. Wannan rariya, waccan ashana. Tun da aka kafa Sabiyal ba a taɓa yin safiyar da rariya ta yi wuya irin wannan ba.

Shi kuwa karen da ake yi dominsa yana kwance gindin rumbu a kan tsohon buhu, haƙarƙarinsa a waje, yana jan numfashi kamar mai hawan tudu da kaya. In ya yi tari sai duk jikinsa ya karkaɗa, wani abu ja-ja ya ɗiga daga hancinsa. Kunnuwansa cike da kaska, sun sha sun ƙoshi sun yi luhu-luhu.

Barsu ba karen banza ba ne. Shi da 'yar'uwarsa 'Yar-Ja ciki ɗaya suka fito. Wani Bafillace na wajen Maiyama ya ba 'yan'uwan biyu su tun suna 'yan kwikwiyo, namijin na Balarabe, macen ta Surajo. Su ke gadin rudu a bakin fadama, gadajen karan nan da ake jera albasa a kai a lulluɓe da ciyawa, a jira ta yi daraja. Duk abin da gidan zai ci a shekara yana cikin rudun. Bara da ɓarayi suka zo, Barsu ya dawo da ƙafar wando guda a bakinsa. Kowa a garin ya gane wandon, har telan da ya ɗinka shi, amma da yake mai shi ɗan gidan manya ne, sai aka yi ta yaba kyan yadin. Sunan ma da gangan Balarabe ya raɗa masa, saboda masu cewa jikan malamai bai kamata ya riƙe kare ba. Duk sanda zai wuce majalisarsu sai ya ɗaga murya ya kira karensa.

Abin da ya haɗa faɗan kuwa 'yan zabi ne. Kwanakin baya Barsu ya biyo ubangidansa gida, ya faɗa sashen Surajo ya cinye 'yan zabin matarsa Zinatu, bai bar mata ko na nuni ba. Zinatu ta yi kuka kamar an yi mata mutuwa. Surajo kuma, don ya lallashe ta, ya ce karen nan kwanansa ya ƙare. Magana ce irin ta miji a gaban mata, ba wanda ya ɗauke ta bakin komai. Sai ga shi ba a jima ba Barsu ya fara tari.

"Ni dai na gaji," in ji uwarsu, Inna Gudiya, tana zaune bakin ɗakinta da carbi a hannu. Ba ta kiran sunan Balarabe, ɗan fari ne. "Kai wanga, ka kwaso mini kare ka aje tsakar gida, na yi shiru. Na ce tari dai tari ne, na mutum ko na dabba, a dafa albasa. An dafa. To a jira ikon Allah mana."

An dafa kuwa. A gidan nan albasa ce maganin tari tun kakanni, da ita aka raini Balarabe da Surajo da 'ya'yansu. Balarabe bai yi rowa ba. Manyan jajayen da ya ware na iri su yake yankawa, a dafa su luguf, ya dama da romon busasshen kifi. Da karen ya ƙi ci, sai ya riƙa matse shi tsakanin gwiwoyinsa, ya buɗe bakin da guntun kara, ya ɗura masa da kwalba safe da yamma, yana shafa kansa yana cewa, "Haɗiye, haɗiye, magani ne."

"Kullum ina ɗura mai albasa, Inna, kullum shina ƙara lalacewa. Fitsarinsa ya koma awa zoɓo. Ina anka taɓa ganin tari ya sa fitsarin jini? Guba ce!"

"Tawa ma tana tari tun shekaranjiya," in ji Surajo. "Ita ma ni na ba ta?"

"Kai ka san abin da ka ƙulla."

"Yaya, nono ɗaya munka sha fa."

"Shi ya sa ban kai ka ga 'yan sanda ba. Amma ka ji da kyau." Balarabe ya juya wajen katanga don kada wata ta ce ba ta ji ba. "Wallahi in Barsu ya mutu, 'Yar-Ja ba ta kwana biyu bayansa. Yadda ka yi mini haka zan yi maka, kuma ba ka ganin sa'ad da zan ba ta."

"Kul!" Inna ta daka masa tsawa.

Amma magana ta riga ta fita. Kawunan da ke bisa katanga suka ɓace ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta tsaya karɓar rariya. Surajo ya shige sashensa.

Atika, matar Balarabe, ita ce ta leƙo daga madafa ta ce a hankali, "Malam, an ce Jega akwai likitan dabbobi. Can anka kai saniyar gidan mai unguwa, ta tashi."

Balarabe bai taɓa jin wanda ya kai kare asibiti ba. Amma ya dubi Barsu, Barsu ya motsa wutsiya sau ɗaya a ƙasa. Kuma akwai wani abu. In likita ya faɗi sunan gubar da bakinsa, to Surajo ba shi da sauran musu. Ya naɗe karen cikin buhun ya rungume shi, ya fita.

A bakin titin Aliero motocin haya suka ƙi shi. Direban farko ya leƙa buhun ya ce, "A'uzu billahi! Ni da zan yi salla da kayan ga?" Na biyu ko tsayawa bai yi ba. Wani ɗan kabu-kabu ya tambaya ko mahaukaci ne, kuma bai fayyace karen yake nufi ko mai shi ba. Rana ta yi tsaka kafin Murtala mai a-kori-kura, wanda ya san Balarabe a kasuwar albasa, ya yarda ya ɗauke su a baya.

"Amma ka rufe shi, Balarabe. In dillalan Jega sunka ga kare bisa kayana, ba mai taya su."

Haka suka tafi, mutum da karensa bisa buhunan albasa, rana na dukansu. Duk ramin da motar ta faɗa sai Barsu ya yi tari. Balarabe ya cire hularsa ya kare masa rana da ita, yana tsiyaya masa ruwa a harshe. Wajen rabin hanya ya ji ɗumi a cinyarsa. Ya duba, wandonsa ya rine ja-baƙi. Ya kama sunan Surajo ya yi ta tauna shi a zuciya har suka shiga Jega.

Wurin likitan ɗan ɗaki ne da rumfa a gaba, yana warin magani da kashin awaki. Akwai wani mai rago, akwai wani Bafillace da ɗan maraƙi. Da suka ga dattijo da furfura a gemu ya shigo rungume da kare kamar mai jego, mai ragon ya kau da kai yana dariya cikin rigarsa. Likitan, wani saurayi siriri mai suna Isma'il, bai yi dariya ba. Ya ce masu jira su yi haƙuri, ya sa aka kwantar da karen bisa tebur.

Ya ɗora abin sauraro a ƙirjin Barsu ya daɗe. Ya buɗe kunnen, ya ga kaska, ya girgiza kai.

"Baba, ina yake kwana?"

"Bakin fadama, wajen rudu."

"Me yake ci a can?"

"Tuwo nike kai mai. Sauran kuma abin da ya samu. Kwaɗi, ɓeraye, 'yan katantanwan nan na cikin lambatu, shina tauna su awa gyaɗa."

"An taɓa ba shi maganin tsutsa?"

"Kare?" Balarabe ya dube shi. "Likita, ko awakina sai shekara-shekara."

"To tarin nan, ina kyautata zaton tsutsa ce. Akwai wata da ke shiga cikin katantanwa da kwaɗi. In kare ya ci, sai ta bi jini ta tare a huhu da zuciya, ta yi ta haihuwa. Ita ke sa tari da haki, har jini ya riƙa fita ta hanci. Da an kawo shi tun farkon tarin, ƙwaya ce kawai."

"Ba guba ba?"

Likitan ya ɗaga leɓen Barsu, ya danna dasashin da yatsa. Fari fat, kamar ɓararren rogo. Ya dubi jiƙaƙƙen buhun, ya dubi wandon Balarabe, fuskarsa ta sauya.

"Wannan kam ba aikin tsutsa ba ne kaɗai. Akwai abin da ya fasa masa jini."

Balarabe ya ji wani sanyi a ransa, Allah ya gafarta masa, irin sanyin wanda gaskiya ta faɗo a gonarsa. "Na faɗi! Ƙanena ne, Likita. Uwa ɗaya uba ɗaya. Saboda 'yan zabi."

"Kai me ka ba shi tun da ya fara ciwon?"

"Ni? Ba komai. Sai magani."

"Wane magani?"

"Albasa mana. Kuma ba ruɓaɓɓa ba, ta iri, zaɓaɓɓa. Safe da yamma, ban taɓa tsallakewa ba. Ko da ya ƙi, sai na ɗura mai."

Isma'il ya ajiye abin sauraron bisa tebur a hankali.

"Baba, kare ba ya cin albasa. Mu muna ci lafiya, amma shi tana farfasa masa jini, ya riƙa fita ta fitsari har ya ƙare."

"Dafaffiya ce fa."

"Dafaffiya, ɗanya, soyayya, duk ɗaya ne a cikinsa."

"Da ita anka raine ni."

"Na sani. Ni ma da ita aka raine ni."

A waje ragon nan yana ta kuka. Balarabe ya tsaya yana duban hannuwansa. Har yanzu suna ƙanshin albasar asuba. Ya tuna yadda Barsu ke kau da kai in ya ga kwalbar, yadda yake jan ciki ya ɓuya bayan rumbu, karen da bai taɓa gudun ɓarawo ba. Ya tuna yadda yake jawo shi ta ƙafa. Ko sau ɗaya bai cije shi ba.

"A yi mai wani abu, Likita."

"Zan sa masa ruwa, in yi masa allura. Amma jini yake buƙata, ni kuwa ba ni da shi. Sai ko Sakkwato, kuma ba na jin zai kai."

Aka aske ɗan wuri a ƙafar gaba, aka sa ruwan. Balarabe ya ja benci ya zauna, ya ɗora kan karen a tafinsa, ya shiga cire masa kaska ɗaya-ɗaya yana murƙushewa da dutse, don ya rasa abin da zai yi masa. Mai rago ya gama ya tafi. Bafillacen, kafin ya fita da maraƙinsa, ya tsaya ya ce, "Allah shi ba shi lafiya, dattijo." Aka kira azahar, Balarabe bai tashi ba. Kafin masallata su dawo, Barsu ya ja numfashi mai tsawo, bai mayar ba. Ruwan bai ko kai rabi ba.

Likitan ya zare allurar. "Akwai wani kare a wurin?"

"Akwai 'yar'uwarsa. An ce ita ma ta fara tarin."

Isma'il ya ɗauko ƙwayoyi ya ƙulle su a 'yar leda, ya nuna masa yadda ake tura su cikin loma, da wadda za a riƙa maimaitawa duk wata ko da lafiyarta lau. Ya haɗa masa da na ɗigawa a ƙeya saboda kaska da ƙuma. Ya ce a daina barin ta tana kiwo cikin lambatu, a riƙa ƙosar da ita daga gida.

"Ita tana da sauran dama, in an fara yau. Amma albasa, Baba, ko miyar da aka sa ta kada ta lasa."

Balarabe ya ari fartanya wajen wani mai lambu a bayan gari, ya haƙa rami gindin wata bagaruwa, ya binne Barsu. Ya yi sallarsa da wandon da ya wanke a bakin rijiya, bai jira ya bushe ba. Ya naɗe buhun ya saɓa, ya nemi mota. Wannan karon direban farko ya ɗauke shi.

Buhun nan ya riga shi isa gida. Tun daga bakin gari aka ga ya tafi da shi cike ya dawo da shi a naɗe, kuma kafin ya kai majalisa labari ya tsallaka katanga uku. Ya wuce mutanen da ya saba kiran karensa a gabansu, suka yi masa sannu da zuwa, ya amsa bai ɗaga kai ba. Duk hanya yana shirya maganar da zai yi. Zai kira Surajo gefe, su biyu kawai. Zai fara da tsutsar, ya bar albasar sai ƙarshe.

Yana shiga zaure ƙanshin ya tare shi.

A tsakar gida Inna Gudiya na durƙushe gaban murhu tana juya tukunya. Surajo na tsaye a kanta da kwano da kwalba. Daga bayan ƙyauren langa-langa na sashensa wani tari na fitowa, busasshe, mai karkaɗa jiki. Ashe tun da safe, da jin rantsuwar wansa, ya je fadama ya ɗauko 'Yar-Ja ya kulle ta a ɗaki.

Duk shirin Balarabe ya zube. "Kada ku ba ta!"

Surajo ya dubi buhun. "Ya mutu ke nan."

"Ya mutu. Surajo, aje kwanon ga. Ba guba ba ce. Tsutsa ce ta fadama, ita ka sa tarin. Ga magani likita ya ba ni, na 'Yar-Ja ne." Ya ciro ledar daga aljihu ya miƙa.

Surajo bai karɓa ba. Ya dubi ƙwayoyin, farare ƙanana, ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Ka ce ba ni ganin sa'ad da za ka ba ta. Ashe ni za ka ba in ba ta da hannuna."

"Wallahi magani ne."

"Da safe ma wallahi ka ce."

Kawuna sun fara tsirowa bisa katanga. Yanzu ko aron ba a yi. Balarabe ya gan su, ya faɗi abin da ya so ya bari sai ƙarshe.

"Albasar ce ta kashe shi. Likita ya ce kare ba shi cin albasa, jininsa take fasawa. Ni na kashe shi, Surajo. Ni na ɗura mai."

Sai wata daga bisa katanga ta ce, "Albasa?" kamar an zagi ubanta.

Inna Gudiya ta saki muciya cikin tukunya, ta dafa gwiwa ta miƙe. "To madalla. Ni na ce a dafa, ni na dafa. Da safe ƙanenka ne mai kisa, da marece uwarka. Gobe sai ka tono ubanka ka tambaye shi."

"Inna, ba haka nike nufi ba."

"Albasar da ta tashe ka sa'ad da tarin shiƙa ya kusa kai ka? Albasar da ta yi maka aure, ta rufa ɗakin ga da kwano? Yau ita ce guba, don wani yaro mai farar riga ya faɗi?"

"Ga mutum magani ce, Inna. Ga kare ne ba ta yi." Ya juya ga ƙanensa. "Tun yaushe kake ba ta?"

"Tun da ta fara."

"Inna lillahi. Surajo, don Allah. Mu kira likitan ka ji da kunnenka." Ya lalubo wayarsa, sai ya tuna bai karɓi lambar ba. "To gobe mu tahi Jega tare. Yau dai kada ka ƙara mata."

"In zuba ido ta kwana tana tari ba magani, don ka ce?"

"Ga maganin!" Ya yage ledar, ya ɗauki ƙwaya ɗaya. "In guba ce bari in haɗiye gabanka."

"Haɗiye mana. Ba kai ba ne yanzu da bakinka ka ce akwai abin da mutum ka ci lafiya, kare ya ci ya mutu?"

Balarabe ya sauke hannunsa. Ƙwayar na tsakanin yatsunsa. Ya dubi Atika a ƙofar madafa, ta sunkuyar da kai. Ita ma ta ji rantsuwar safe, kamar kowa.

"Na yi maka ƙazafi," ya ce. "Gobe in tsaya ƙofar masallaci in faɗi. Ka yafe ko kada ka yafe. Amma ita ba ta yi mini komai ba. Ita kaɗai ta rage mana bakin rudu."

"Ta rage mini," in ji Surajo. "Zuba, Inna."

Inna ta kwaso albasar, ta nuna luguf, ta cika kwanon har baki. Balarabe ya yi taku ɗaya zai riƙe hannunsa, Surajo ya kauce, romon ya ɗan zube a ƙasa.

"Ka taɓa ni, Yaya, yau sai an raba mu."

Ya juya ya bar tsakar gidan, kwano a hannu ɗaya, kwalba a ɗayan. Ya tura ƙyauren sashensa da ƙafa, ya shige, ya banko shi har katangar ta zubar da ƙasa. Aka ji ƙarar sakata.

Daga ciki tarin ya tsaya. Sai muryar Surajo, ƙasa-ƙasa, da lallashi: "Haɗiye, haɗiye, magani ne."